Amsoshin Tambayoyinku: Sabon Ɗakin Bulo Da Kwano Ya Ƙi Riƙe Ɗumi, Ina Mafita?

TAMBAYA: Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ɗanbatta. Bara waccan na sayar da amfanin gona da 'yan dabbobi na gina ɗakuna biyu na bulo da kwano, ɗaya na mahaifiyata, ɗaya na iyali. Ba mu kai ga sa silin ba, filasta ma ta ciki kawai aka yi. Da hunturu ya shigo, tsohuwa ta tattara kayanta ta koma tsohon soronta na ƙasa, ta ce sabon ɗakin ba ya riƙe ɗumi. Mu ma kwana muke iska na kaɗa mu, da safe ƙura ta rufe gado da kwanuka, yara ba sa rabuwa da mura da tari. Maiɗakina takan cusa tsummoki a ƙasan ƙofa, in sanyi ya yi yawa ta shigo da kaskon wuta. Yanzu ina shirin gina wa babban ɗana ɗaki, za a yi masa aure. Me zan gaya wa magini don kada a maimaita? Waɗanda aka riga aka gina kuma, suna gyaruwa ko sai an rushe?

Daga wani mai karatu, ƙaramar hukumar Ɗanbatta, jihar Kano.

AMSA: Malam, Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ɗakunanka suna gyaruwa, ba sai an cire ko bulo ɗaya ba, kuma yawancin gyaran bai fi ƙarfin aljihun manomi ba. Inna kuwa tana da gaskiya. Jikinta ne ya auna ɗakunan biyu ya gaya mata wanda ya fi.

Mu fara da iskar kanta. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris, iskar da ke kaɗawa a ƙasar Kano daga arewa maso gabas take fitowa, ta ratso Sahara, a bushe ƙayau. Kaso mai yawa na ƙurar da kuke karkaɗewa a kan gado daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin Chadi, inda ruwan wani babban tafki ya taɓa kwanciya, ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi wannan gari ta yo wajenmu da shi. Saboda laushinsa, duk inda iska ta samu wucewa shi ma ya wuce. A watan Janairu sanyin asuba a Kano yakan sauka wajen digiri 13, daren da jaura ta yi tsanani kuma ya gangara ƙasa da 10. A karkara ya fi birni cizo.

Ga kuma yanayin ƙasarku. Tun a 1965 wani masani, Michael Mortimore, da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, suka nuna yadda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta. Kai ka fi ni sanin sauran. Da an yi girbi, an yanke kara an ɗaure, an kwashe harawa an ɗora bisa itace, sai fili ya koma fetal, daga gona sai gona, sai tsilli-tsillin gawo da ɗorawa da kuka. Babu daji, babu doguwar ciyawa da za ta rage wa iska gudu. Gidan da ke bakin gari ta gabas ko ta arewa shi ke fara karɓarta da cikakken ƙarfinta.

Soron Inna da sanin wannan iska aka gina shi. Bangon tubali ne mai kauri, gindi ya fi kai faɗi. Da rana yana shan zafi a hankali, sai dare ya yi nisa ɗumin ke isowa ciki, daidai lokacin da ake bukatarsa. Rufin azara da zana da ƙasa an haɗe shi da bango, yaɓe ɗaya ya lulluɓe su, babu inda za ka nuna ka ce nan bango ya ƙare nan rufi ya fara. Taga 'yar ƙarama ce, can sama, tsumma ɗaya ya ishe ta. Ƙofa gajeruwa, ga asabari a bakinta. Kafin ma iska ta kai ga wannan ƙofa sai ta ci karo da katanga ko danga, ta karya kwana a zaure. Maginan da sun kuma san yadda ake rufe fuskar bango: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina da gashin jima da dafara. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a birni da azahar a watan Afrilu ya ji ni'imar da ke ciki. To kaurin nan da ke hana zafi shiga a Afrilu, shi ne ke hana ɗumi fita a Janairu.

Ba don wauta mutane suka bar wannan gini ba. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, shucin jinka sai an sayo, ga yaɓe duk shekara, ga fargabar rufi ya jiƙe ya rufto a watan Agusta. Kwano ya raba mutane da wannan fargaba. Sai dai mun ɗauko bulo da kwano mun baro abokan tafiyarsu, wato silin, da filastar waje, da ƙofar da ke zama daram a gurbinta. Kuɗi kan ƙare ranar da aka buga kwano na ƙarshe, sai a ce a shiga tukuna, a ƙarasa daga baya. Abubuwan nan da aka bari su ne suke hana ku barci.

Ka lura da mai shayi in zai zuba madarar gwangwani: huda biyu yake yi, don in ɗaya ce madarar ba ta zuba yadda ya kamata. Haka ɗaki yake, iska ba ta shigowa da yawa sai ta samu mafita. Abu biyu ke tura ta. Na farko kaɗawar hunturu, mai danna bangon arewa da na gabas, ta kuma zuƙe iskar ɗakin ta ɗaya gefen. Na biyun yana aiki ko da dare ya yi tsit ba abin da ke motsi: iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka ɗumin jikinku da na numfashinku sama yake yi. In ya tarar da mafita a bakin rufi sai ya fice, mai sanyi kuma ta biyo ta ƙasan ƙofa ta maye gurbinsa, ta kwanta a daɓe, daidai inda yara suke kan tabarma. Shi ya sa tsummokin maiɗakinka ba su yi wani tasiri ba. Ta toshe mashiga, mafita tana nan a buɗe, sai iskar ta nemi wata mashigar ta taga ko ta gefen ƙyaure.

Bari mu ɗan yi lissafi, don ido yana raina waɗannan kafofi. Ƙofa mai faɗin santimita 90, in akwai ratar santimita ɗaya tak a ƙasanta, ramin ya kai faɗin tafin hannun babban mutum. Na sama ya fi wannan muni. Kwano lanƙwashe-lanƙwashe gare shi, bango kuwa miƙaƙƙe ne, saboda haka ko da kwanon a kan bangon ya zauna, kowace lanƙwasa ta bar 'yar kafa. A ɗaki mai ƙafa 12 sau 12, in aka haɗa waɗannan kafofi na bango biyu, za su tashi taga mai kusan inci 10 tsawo, inci 10 faɗi, wadda ba ta da murfi dare da rana. A yawancin ɗakuna ma katakon rufi ya ɗaga kwanon sama da bango, ratar ta ninka haka sau da yawa, har tsuntsu na shiga ya yi sheƙa.

Akwai kuma sanyin da ba iska ce ta kawo shi ba. Kwano falle ne siriri, ba ya ajiye zafi. Da rana ta faɗi, sama kuma ba gajimare, sai ya saki ɗuminsa gaba ɗaya, har ya fi iskar waje sanyi. Iskar ɗakin da ta taɓa shi ta huce ta sauko muku. Ko an toshe kowace kafa, ɗakin kwano marar silin zai yi sanyi a Janairu, a Afrilu kuma, lokacin da zafi ke kai wa digiri 40, wannan kwanon ne dai zai gasa ku.

Kafin ka sayi komai, nemo kafofin da idonka. Da tsakar rana ka shiga ɗakin ka rufe ƙofa da taga, ka tsaya har idonka ya saba da duhu. Duk inda ka ga haske ya tsirgo, iska ma ta nan take bi. Ka riƙe alli ko gawayi kana yi wa wurin alama. Sannan da asuba, ranar da iska ke kaɗawa, ka kunna turaren tsinke ka bi da shi a hankali ta gefen ƙofa, gefen taga, inda wayar lantarki ko ta sola ta ratso bango, da kusurwoyin sama. Inda hayaƙin ya miƙe, lafiya lau. Inda ya kwanta ko ya watse, akwai kafa. Ƙurar ma shaida ce. Kafin a yi sharar safe ka duba inda ta fi taruwa, za ka ga ta ja layi daga ƙasan ƙofa zuwa tsakar ɗaki, ko ta zubo a jikin bango daga sama.

Gyara daga sama ake fara shi, kuma silin ne kan gaba. Na kwali ne, na katako ne, ko na roba irin wanda ake yayi yanzu, duk suna aiki, ana kuma samunsu a 'yan katako na Rijiyar Lemo ko kasuwar Ƙofar Ruwa in ba a samu kusa ba. Abin da ya fi irin silin muhimmanci shi ne yadda aka buga shi. Ka tsaya a kan kafinta ya kai shi har jikin bango, ya bi gefe-gefe da mahaɗar kowane falle da siririn katako, ramin hawa sama kuma ya yi masa murfi mai zama sosai. Silin da aka bar wa ratar yatsa a gefe, rabin kuɗinsa ya tafi a banza. In aljihu bai kai ba bana, a wanke buhuna da kyau, a farke, a ɗinke su su zama shimfiɗa ɗaya, a ɗaure a ƙarƙashin katakon rufi, a ɗora zana a kai. Ba ya daɗewa, ɓera yana son sa, kuma dole a nisanta shi da wayar wuta da fitila, amma daren farko za ku ji bambanci. Tsohon silin na asbesto da ake ɓallowa daga rusassun gine-gine a sayar da araha, ka bar shi a inda ka gan shi. Ƙurarsa in an yanka ko ya fashe tana lalata huhu.

In silin ya zauna, kada a liƙe samansa gaba ɗaya. Sararin da ke tsakaninsa da kwano yana bukatar iska ta ratsa, don zafin bazara ya samu hanyar fita. A bar 'yan ramuka a can, a sa musu ragar ƙarfe saboda jemage da ɓera da tsuntsu. In kuwa silin sai baɗi, to a cike bakin rufi da gutsattsarin bulo da siminti, ko da ƙasa mai ramno, magini ya bi lanƙwasar kwanon da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki yana da wata riba da ba ka tambaya ba. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ta bakin rufi ya fi shiga ɗaki. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka da garin Farafenni na ƙasar Gambiya, wanda aka wallafa a 2009, gidajen da aka yi wa silin na raga sauron da ke shiga cikinsu ya ragu da kusan rabi, ƙarancin jini ma ya ragu a tsakanin yara.

Sai ƙofa. Yawancin ƙofofin ƙarfe da mai walda ke haɗawa ana barin ƙasansu da rata don kada su goge daɓe, ba a kuma yi musu dokin ƙofa. A tayar da dokin da siminti, inci ɗaya ko biyu, yadda ƙyauren zai jingina da shi in an rufe. Shi ne kuma zai tare ruwan sama da kunama. A yanko robar tsohon tib na mota a ɗaure a ƙasan ƙyauren tana ɗan shafar ƙasa, a manna siririn soso a gefen firem inda ƙyaure ke bugawa. Duba tsakanin firem ɗin da bango ma, sau da yawa siminti ya zube ya bar rami. Ƙofar katako kuwa, in da ɗanyen katako aka yi ta, hunturun farko za ta tsuke ta buɗe baki. Garin katako da gam yana cike irin wannan tsaga. Daga ciki labule mai kauri wanda ya kai ƙasa, daga waje asabari irin na Inna.

Tagar gilashi mai falle-falle da ake buɗewa da mariƙi, an yi ta ne don ƙasashen da ake neman iska ta shiga kullum. Ba ta taɓa rufuwa ruf. In irinta ce a ɗakinka, musamman a bangon gabas ko arewa, kafinta ya yi mata murfin katako daga ciki, ko a buga mata leda mai kauri da hunturu, a cire da bazara.

Filastar waje ba ado ba ce. Bulon da aka cika wa yashi yana da ƙananan kafofi da iska ke ratsawa, birkila mai sauri kuma yakan bar mahaɗar bulo da bulo ta tsaye rabi a wofi. In kuɗi bai isa a zagaye ɗakin ba, a fara da bangon gabas da na arewa. Su ne hunturu ke duka, kuma bangon gabas ɗin ne dai hadarin damina ke tsuga wa ruwa. Awo ɗaya na siminti, biyar ko shida na yashi mai tsabta. A jiƙa bangon kafin a yaɓa, a kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Siminti da ruwa yake ƙarfi, in hunturu ya busar da shi da wuri sai ya tsattsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iska kuwa ba ta jiran tsagar ta kai ta ƙadangare.

Yanzu ga maganar da nake so ka karanta wa maiɗakinka da bakinka, kafin a taɓa ko kafa ɗaya. Gawayin da ke ci a kasko yana fitar da wata guba, iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Jini yana kama ta fiye da sau 200 a kan yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa ya ji su. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda ake cewa ya nuna, bai daina fitar da ita ba. Zuwa yanzu kafofin nan da kake kuka da su ne suke fitar muku da wannan guba. Ranar da ka toshe su, kaskon da kuka saba kwana da shi lafiya zai iya hallaka ɗaki guda. An sha wayar gari a Najeriya a tarar da iyali gaba ɗaya sun mutu a rufaffen ɗaki, a ce guba aka sa musu a abinci ko a ɗora wa aljanu, alhali gawayi ne ko hayaƙin janareta. Saboda haka, in za a ji ɗumi a ji shi taga a buɗe, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, janareta kuma ya zauna a fili, nesa da taga. In wani ya tashi da ciwon kai da jiri a ɗakin da aka kwana da wuta, a fitar da kowa waje nan take, a wangale ƙofa, a nufi asibiti. Ɗumin da ba ya kisa shi ne bargo, da hular sanyi da safa ga yara, da ɗaga shimfiɗarsu daga daɓe ko da da katifa ce a kan tabarma biyu.

Ko babu wuta, ɗakin da mutum biyar ko shida ke kwana yana bukatar sabuwar iska. Tarin fuka da sanƙarau a cunkoso da rufaffen ɗaki suka fi yaɗuwa, kuma lokacin sanƙarau shi ne daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da ƙura da bushewa suka raunana hanci da maƙogwaro. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Turawa ma da suka ƙware wajen liƙe gida ba su tsaya nan ba. A garin Darmstadt na Jamus, a 1991, aka gina gidan farko na wani salo da kusan ba ya bukatar wutar ɗumama ɗaki. Irin waɗannan gidaje har gwaji ake yi musu da wata babbar fanka da ake ɗaurawa a bakin ƙofa don a auna yoyon iska. Amma kowanne yana da na'urar da ke shigo da sabuwar iska dare da rana. Mu da ba mu da wutar da za ta riƙe irin wannan na'ura, tamu ita ce 'yar ƙaramar taga can sama, a bangon yamma ko kudu inda hunturu ba ya duka, mai raga, wadda ba a rufe ta ruf ko da muku-muku. Bambancinta da kafofin bakin rufi shi ne kai ka zaɓi inda take da girmanta, kuma ba a kan mai barci take hurawa ba. Da hantsi kuma, in rana ta yi ɗumi, a buɗe ƙofa da tagogi ɗakin ya sha iska.

Sabon ɗakin ango ya fi sauƙi, tunda ba a aza harsashi ba. Tun ranar da za a ja igiya ka sa baki. Ƙofa ta kalli yamma ko kudu, cikin gida. In fili ya tilasta ta kalli gabas, a yi mata 'yar baranda ko guntun bango a gabanta, aikin da zaure ke yi ke nan. Babbar taga ta kasance a kudu ko yamma, da wata ƙarama a bangon da ke fuskantarta, dukansu masu murfin da ke rufuwa sosai. Da bazara da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, in an buɗe su biyun sai ta ratsa ɗakin. Da hunturu a rufe ta arewa ko gabas. Kada tsoron sanyin wata uku ya sa ka gina ɗakin da ba zai kwantu ba a sauran watannin.

Bangon waje a yi shi da bulo mai inci 9, ba mai inci 6 ba. Ka ce wa birkila ya cika mahaɗa ta tsaye, ka kuma riƙa leƙawa yana aiki, don bayan filasta ba mai sake ganinta. Layin bulo na ƙarshe a toshe ramukansa da kankare, in ba haka ba iska za ta riƙa zirga-zirga a cikin bangon. A dasa langa-langa a wannan layi a ɗaure katakon rufi da shi, saboda guguwar farkon damina ta bakin rufi take shiga ta ɗaga kwano. Masu ɗaga bango ya zarce kwano ta gefe uku sun rage wa kansu wannan matsala, muddin an liƙe mahaɗar da kyau, an kuma gyara wa ruwa hanya. Firem na ƙofa da taga a dasa su ana cikin gini, ba a fasa bango daga baya ba. Tsayin ɗakin ya isa a sa silin ba tare da ya danne mutum ba.

In kuma akwai ƙasar gini mai kyau a kududdufinku da magini wanda hannunsa ya faɗa, ni a ganina bangon ƙasa mai kauri a kan harsashin dutse ko bulo, da rufin kwano mai baki da ya zarce bango, da silin, ya fi bulo zalla daɗin kwana rani da damina, ya kuma fi shi araha. Matsalarsa ɗaya ce, dangin amarya za su iya yamutsa fuska. Wannan kai da surukanka za ku warware. Abin kiyayewa kawai, filastar siminti ba ta kama bangon ƙasa da kyau, takan ɓamɓaro falle-falle, ruwa ya shige bayanta. Soron Inna ma, in rufinsa na da ƙwari, ana iya kafa masa kwano a sama ya tare ruwa, ƙasar ta ci gaba da riƙe mata ɗuminta.

A waje, dangar kara ko zana mai tsawo ta arewa maso gabas tana karya ƙarfin iska tun kafin ta iso bango, a dai nisanta ta da murhu, don gobarar hunturu ba ta da sabo. Na dindindin shi ne itace. Ka ga layukan itacen turare da darbejiya da gwamnati ta dasa a yankinku bayan farin shekarun 1970. A kwarin Majiya ta jihar Tawa a Nijar ma, tun 1975 aka fara dasa darbejiya layi biyu-biyu don tare iska a gonaki. Layin itace yana kare fili mai nisan tsawonsa sau goma ko fiye a bayansa. Na san a wajenku kowane taku na ƙasa da mai shi da amfaninsa, amma itace uku ko huɗu a bayan gida ba za su cinye gona ba. A ba su tazara mai kyau da bango saboda saiwa.

Abin da zan roƙe ka shi ne, ranar da za ka zauna da magini a yi lissafi, kuɗin silin da filastar waje da dokin ƙofa su shiga tun farko, tare da na bulo da kwano. In lissafin ya fi ƙarfinka, rage faɗin ɗakin, ko a bar fenti sai wata shekara. Kada ka rage silin. Na tsofaffin ɗakunan kuma, ka fara aikin tun kafin Nuwamba, lokacin da rijiya ke da ruwan ba siminti. Allah ya ba da iko, ya sa a yi biki lafiya.